Ɗigon Jan Farce a Gindin Kwalba

Sama'ilu mai kwalabe macuci ne, kuma da saninsa ya yi cutar. Na fara da wannan ne saboda masu turo mini saƙo suna cewa na yi wauta, wai a wannan zamani da namiji mai sana'a ya yi wuya, na kori wanda ya kawo kansa. Wata ma cewa ta yi kishi ne ya rufe mini ido. Kishin ya zo, ban musa ba. Amma ba shi ya kori Sama'ilu ba, ku ji yadda aka yi.

Sunana Huseina. Ƙauyenmu yana gefen Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyakar ta wani sai da jerin lalle ko gamba. Baba noma yake yi. Inna man gyaɗa take matsa, ni ce mai wanke kwalabe da ɗurawa. A gidanmu kwalba ba ta zama shara. Ta lemo, ta maganin tari, mai faɗin baki da mai siririn wuya, duk muna karɓa. In jiƙa ta, in zuba toka da 'yan tsakuwoyi da ruwan zafi, in girgiza har hannuna ya yi tsami, in ɗauraye, sannan in kife ta a kan karan dawa da muka kakkafa a tsakar gida ta sha rana. Wadda ba ta da murfi mu toshe ta da totuwar masara da leda.

Da rayuwa ta yi tsanani, shekarun da shiga mota zuwa Kano ya gagari mutane, tuwon dare ya koma na yara kawai a gidaje da yawa, sai manoma suka kasa sayen maganin feshi gora guda. Mutum ya ɗauki kwalba daga gida, a tsiyaya masa kaɗan a kasuwa. Haka fiya-fiya, maganin ƙwarin nan da ake sa wa wake da ɗakin kwana. Kwalbar guba da kwalbar abinci suka zama iri ɗaya, ba mai bambance su da ido. Nan Inna ta kafa doka. Duk kwalbar da ta taɓa shan guba, in ɗiga mata jan farcena a ɗan ramin nan na gindinta, inda ruwa da hannu ba sa gogewa, in jefa ta cikin wani buhu a bayan rumbu. Inna ta ce irin wannan kwalba saki uku ne tsakaninta da abinci, babu kome. Har maƙwabta suka koyi kawo mana nasu don kada yara su ɗauka su sha ruwa da su.

Buhun ya cika ya zame mana kaya. A haka Sama'ilu ya shigo garin da babur ɗinsa, buhuna biyu a gefe, robobi da sabulu da ashana ɗaure a baya. Ka ba shi kwalabe ya ba ka roba. Ya ce wani kamfani yake kai wa a Kano, ana narkar da gilashi a yi sababbi. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce a fito masa da buhun bayan rumbu. Ni na jawo shi har soro. Kafin ya ɗaure bakin buhun na ɗauki kwalba ɗaya, na juya ta, na nuna masa ɗigon, na gaya masa ma'anarsa dalla-dalla. Ya yi dariya ya ce:

"Wuta ba ta barin komai, 'yammata. Tanderun kamfanin nan ko ƙarfe ne narkewa yake."

Ku riƙe wannan. Ya gani, ya ji, ya amsa.

Daga ɗaukar kwalabe aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma zance. In zai zo zance ba ka cewa shi ne mai buhuna. Shadda ruwan toka mai sitaci, hula a karkace, takalmi ya sha goge, turare tun daga bakin hanya. Ba ya zuwa hannu biyu: ganyen shayi da sukari na Baba, sabulu na Inna, taliya ta gida, goro na Gwaggo Kulu. A lokacin da ake dafa shayi ba sukari a garin, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni ma kuma ina son sa, ban ɓoye ba. Da safe wayata ce ke tashe ni da "Hasken idona, kin tashi lafiya?" in yi ta murmushi ina tankaɗen toka.

Gwaggo Kulu ƙanwar Baba ce, ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Tana da ɗabi'a guda: in na fita zance sai ta ɗauko tsintar wakenta ta zauna jikin zanar da ta raba soro da tsakar gida, wai nan ne iska ta fi kaɗawa. Babu kalmar da ke wuce kunnenta. Ita ce babbar mai kamfen ɗin Sama'ilu. Kullum sai ta tuna mini sa'o'ina suna goye da na biyu, ni ina nan ina auren kwalabe. Inna ba ta faɗa da ƙarfi, amma idonta na faɗa. Ana haka Baba ya kira ni ya ce magabatan Sama'ilu za su zo ranar Juma'a a sa rana, in ina da magana in yi ta kafin nan. Na ce ba ni da ita.

Ina da ita. Ban dai san sunanta ba ne.

Abin da ya fara tsaya mini a rai murfi ne. Duk zuwan da zai yi ɗaukar kaya sai ya tambaya ko akwai murafen, har ya sa na tono masa waɗanda muka zubar. Na ce masa in narkarwa za a yi, me za a yi da murfi? Ya ce kamfani ne ke so, shi ɗan aike ne. Na miƙa masa murafen. Sai kuma kiyashi. Duk inda ya jingine babur jikin katangarmu, kafin ya tashi kiyashi sun yi layi suna hawa ɗaya daga cikin buhunan, ƙudaje suna bin sa. Ya ce ragowar lemo ne a kwalaben mutane. Ni da na girma cikin kwalabe na san ragowar lemo ba ta tara kiyashi haka, amma nan ma na haɗiye.

A tsakanin nan tari ya kama Gwaggo, irin mai hana barci. Ta aika ni in roƙi Sama'ilu, tunda yana yawon garuruwa, ya nemo mata zuma mai kyau. Mutumin da bai taɓa cewa a'a ga Gwaggo ba sai ya hau kame-kame. Wai zumar yanzu duk haɗi ce, shi bai san inda ake samun ta kirki ba, gara ta sha citta da lemon tsami. Washegari ya kawo cittar. Gwaggo ta yi ta sa masa albarka, wai yaro mai tsoron Allah, bai yarda ya sayo mata jabu ba.

Sai wata mai sayen mai ta zo, tana jiran in ɗura mata ta ce, kamar ba da gangan ba, tana yawan ganin babur ɗin angona a ƙofar gidan su Asiya. Asiya bazawara ce, tana unguwar gabas, tsallaken rafi, da 'yarta ƙarama da aka yaye. Kyakkyawa ce, wannan kowa ya sani. Man da nake ɗurawa ya zube mini a zani.

Na rubuta masa: "Me ke kai ka gidan Asiya?" Alama ta nuna ya karanta. Na wanke kwalabe, na kife, na share tsakar gida, shiru. Can ya turo: "Harkar kasuwa ce kawai. Kada ki bari mutane su shiga tsakaninmu, hasken idona." Na tambaya wace kasuwa. Ya turo hoton fure.

Na kai wa Inna maganar, ta ce in yi haƙuri, kwana nawa ya rage. Gwaggo ta ce mai yawon kwalabe ai kowace ƙofa tasa ce, in zan bi ƙofofin da yake tsayawa sai takalmina ya tsinke. Ta ƙara da cewa in na kuskura na ɓata wannan magana saboda zargi, kada in sake kiranta Gwaggo.

Ranar Alhamis da hantsi na ce zan kai man gyaɗa unguwar gabas. Na ɗaura atamfata mai ruwan goro wadda na ajiye don zuwan baƙi, na zizara kwalli, na yafa mayafi sabo. Nufina Asiya ta gan ni ta san da wa take yi. A hanya ina ta shirya maganganun da zan yaɓa mata.

Ban yi amfani da ko ɗaya ba. Na tarar da ita da koɗaɗɗen zani, ido ya yi ja don rashin barci, 'yarta Aishatu kwance a tabarma kamar tsumma. Ta yi mini maraba da gaske, ta shimfiɗa mini buhu, ta ce amaryar Sama'ilu ce yau a gidansu. Ba fuskar mai ɓoye wani abu ba ce. Na gaishe ta da mai jiki. Ta ce tari ne ya fara, sai amai, sai zawo, ga miyau yana ta dalala, yarinya na kama ciki tana kuka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, wasu sun ce haƙori ne, wasu sun ce baki. Ita dai ba ta fasa ba ta zuma ba safe da yamma, tunda zuma waraka ce, kuma Allah ya sa akwai ta a ɗaki.

Ta nuna mini wata kanta a jikin bango. Kwalabe ne jere, cike da zuma, rana ta shigo ta taga tana haska su. Ta ce ai kayan Sama'ilu ne, shi ke kawowa tana sayar masa a cikin gida, yana ba ta ɗan abin sabulu. Ya dai roƙe ta kada ta ce tasa ce, saboda masu hassada.

Zuciyata ta yi sanyi ta wani gefen, ta yi zafi ta wani. Ba neman aure ba ne. To amma mutumin da ya ce bai san inda ake samun zuma ba?

Hannun mai wankin kwalba ba ya ɗaukar kwalba bai juya ta ba. Na miƙa hannu na ɗauki wadda ke buɗe kusa da yarinyar, mai cokali a gefe, na juya. Ɗigon yana nan a ɗan ramin. Jan farcena ne, mai duhun nan da nake saye a kasuwar Tsanyawa. Na tashi na bi na kan kantar ɗaya bayan ɗaya. Wasu babu, wasu akwai. Guda biyu an kankare su da bakin wuƙa, jan ya maƙale a gefe-gefe. Na buɗe murfin ɗaya na shinshina. Ƙamshin zuma ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma warin nan na fiya-fiya da ba ya barin murfi.

Na gaya wa Asiya abin da ɗigon yake nufi. Ba ta yi ihu ba. Ta dubi cokalin, ta dubi hannunta, sannan ta ce da hannunta take ɗura wa yarinyar tana lallashinta ta haɗiye. Na taya ta goya Aishatu, na ce ta tafi asibiti yanzu, ta tafi da kwalbar ta nuna musu. Ni kuma na ɗauki ɗaya daga cikin kankararrun na naɗe a mayafi.

Da na dawo ban faɗa wa kowa ba. Na san amsar da zan samu: daga gidan Asiya na fito, don haka kishi ne ke magana. Kuma gobe Juma'a. Ina so maganar ta fito daga bakinsa, a inda kunnen da ya dace zai ji. Na rubuta masa: "Na huce. Ka zo bayan La'asar." Ya turo zuciyoyi jere.

Ya zo cikin shadda fara, yana ta fara'a. Na shimfiɗa masa tabarma a soro. Ina jin motsin farantin waken Gwaggo a bayan zana. Rana ta yi zafi ranar, na ɗebo masa ruwan randa a kofin silba, ya shanye tas ya yi hamdala, ya ce ruwan gidanmu ma daban ne. Muka taɓa hirar gobe, wa zai zo, wa zai yi magana. Sannan na kwance mayafina na ajiye kwalbar a gabansa, na ɗora cokali a kai.

"Tsaraba na yi maka," na ce. "Zuma ce mai kyau. Sha ka ji."

Ya dubi kwalbar, bai taɓa ta ba. Murmushin yana nan amma ya bushe. Ya tambaya ina na samo. Na ce a unguwar gabas, an ce ta wani mutumin kirki ce mai gudun hassada. Na buɗe, na cika cokali, na miƙa masa har kusa da baki.

Ya kau da kai ya ce, "Yau Alhamis, ina azumi."

Na dubi kofin silbar da ke gefen gwiwarsa. Shi ma ya dube shi.

"To buɗa-baki ya zo maka da wuri," na ce. "Ƙarasa da zuma."

Nan ya sauke murya. Ya ce in saurare shi, zumar ta gaskiya ce, daga amya take, bai haɗa ta da komai ba. Sabuwar kwalba ta yi tsada, ribar duka a nan take tafiya. Ya ce yana ɗauraye su da ruwa da omo, ɗan abin da ya rage ba ya kashe mutum, kowa haka yake yi a wannan hali da ake ciki. Ya ce ai don mu yake yi, don ya haɗa lefe da ba za a raina ni ba. Na tambaye shi kamfanin narkarwar fa. Ya ce fasassu yake kai musu, masu lafiya asara ce a narkar.

"In ba ya kashe mutum," na ce, "me ya hana ka kawo wa Gwaggo da ta roƙe ka?"

Ya ce, "Haba Huseina. Gwaggo ai tamu ce."

Farantin wake ya faɗi a bayan zana. Gwaggo Kulu ta shigo soron ba mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Ba ta dube ni ba. Ta tsaya a kansa ta ce:

"'Yar Asiya kuma ta wace ce? Ta bishiya?"

Ya fara rantse-rantse. Ta ce ya rufe mata baki, goron da ya ciyar da ita ma ji take kamar ta amayo shi. Ta ɗauki makullin babur ɗinsa daga kan tabarma ta ƙulle a bakin zani, ta leƙa waje ta aika a kira Baba daga gona.

Ga masu cewa talauci ne ya sa shi, ina da amsa gajeriya. Talaucin nan tare muke cikinsa. Inna ma sabuwar kwalba ta gagare ta, amma ba ta taɓa ɗura mai a mai jan ɗigo ba, ko ranar da muka rasa abin ɗurawa muka mayar da masu saye. Wanda ya san abin da zai hana nasa sha, ya kai wa 'ya'yan wasu, ba yunwa ce ta dame shi ba, rashin tsoron Allah ne. Kuma 'yammata, in abu ya tsaya muku a rai game da mai neman ku, kada sukari da saƙon safe su sa ku haɗiye shi. Ku juya shi ku dubi gindinsa.

Aishatu ta tashi. Ta yi kwanaki a asibiti, ta dawo a rame, amma yanzu tana gudu a tsakar gida. Asiya kan zo da ita sayen mai, kuma kafin ta karɓi kwalba sai ta juya ta, ko da daga hannuna ne. Ban taɓa jin haushi ba.

Magabatan Sama'ilu sun zo ranar Juma'a kamar yadda aka yi alkawari, amma ƙofar gidan dagaci aka wuce da su. Aka bi gida-gida aka tattaro zumar da Sama'ilu ya sayar, aka tona rami aka juye ta. Dagaci ya sa shi ya farfasa kwalaben da hannunsa a gaban jama'a, ya ɗora masa nauyin jinyar yarinyar, ya hana shi sayen kwalba ko sayar da wani abin ci a ƙasarsa, sannan ya miƙa shi ga hukuma. Baba ya mayar masa da duk abin da ya rage cikin kayan da ya taɓa kawowa, a cikin buhun bayan rumbu. Fasassun gilasan kuma Baba ya kwaɓa ƙasa ya kakkafa su a kan katangarmu, daidai wurin da yake jingine babur.